Idan Fitila Ta Ɗauke a Hanyar Gwarzo: Yadda Ake Gane Laifin Sandar Sigina

Bayan sallar isha'i muka baro Kano, ni da ƙanin mahaifina, mun je wata ta'aziyya za mu koma gida Mainika. Tsohuwar Golf 3 ce a hannuna, kuma tsakanin Kano da Gwarzo kusan kilomita 70 ne, hanyar da na sani kamar yunwar cikina. Mun wuce Janguza lafiya, mun wuce Rimin Gado. Muna shiga ƙasar Kabo wata babbar mota ta ɓullo ta gabanmu, na ja sandar da ke gefen sitiyari don in sauke fitila daga ful zuwa dim, sai kawai titi ya ɓace. Injin na aiki, agogon dashbod na haske, gabana kuwa baƙi ƙirin.

"Innalillahi! Kai yaro, kashe fitilar ka yi?"

"Wallahi Baba ban kashe ba."

Na sake jan sandar, ful ta dawo. Na sake ja, duhu. Haka muka ƙarasa gida a hankali, duk motar da ta taho sai in zaɓa: ko in kashe wa direbanta ido ya bi ni da zagi, ko in shiga duhu da tsoho a gefena yana ta salati.

Washegari na yi abin da kowa ke yi, na sayi ƙwan fitila biyu sababbi na sa. Shiru. Wani yaro mai cajin batir ya rantse mini altaneta ce. Sai a kwana na uku wani dattijo mai wayarin a Gwarzo ya kwance murfin da ke ƙarƙashin sitiyari, ya kai hancinsa ya shinshina, ya ce, "Malam, ka bar jaki kana dukan taiki." Bai yi minti goma ba ya nuna mini inda abin ya ƙone. Abin da zan faɗa a nan daga wannan rana na fara koyonsa, kuma duk mai mota da ke da sukundireba da ɗan haƙuri zai iya yin rabinsa a ƙofar gida.

Abin da ke cikin sandar

Mu dai sandar sigina muke ce mata, amma aikinta ya fi sunanta yawa. A gindinta, cikin wani ɗan akwatin roba da ke manne da wuyan sitiyari, akwai makunnai da yawa a cunkushe: na sigina hagu da dama, na sauya dim da ful, na filashin, a wasu motocin har da na kunna fitilar gaba ɗaya da na fitilar hazo, ga kuma na waifa a ɗaya ɓangaren. Kowane makunni ba komai ba ne illa 'yan ƙarafan tagulla biyu da ke haɗuwa su rabu, inda suke taɓa juna bai fi ƙwayar dawa ba. Duk hasken da kake gani a titi, a motoci da yawa, ta wannan ɗan wurin yake bi.

Kafin ka zargi sandar sai ka san tsarin motarka, don ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne ƙananan masu wayarin ke yawan ruɗewa.

Golf 2 da Golf 3, waɗanda suka cika tashoshinmu, ba su da rile na fitilar gaba. Wuta na tasowa daga gidan makulli, ta shiga makunnin da ke jikin dashbod, ta haura zuwa sanda, sanda ta zaɓa mata dim ko ful, sannan ta bi ta fiyus ta isa ƙwai. Jamusawa sun ba kowace waya lamba, kuma lambobin na nan a rubuce a jikin soket idan ka haska da kyau: 30 wuta ce kai tsaye daga batir, 31 negatif ce mai komawa jikin mota, 56 ita ce wutar fitila mai shigowa sanda, 56a mai fita zuwa ful, 56b mai fita zuwa dim. Filashin kuwa daga 30 yake sha, shi ya sa yake kamawa ko babu makulli a jiki. A Golf 3 fiyus na 1 da na 2 su ne na dim, hagu da dama, na 11 da na 12 na ful, kowanne amfiya 10.

Tsofaffin Toyota da yawa, irin su Corolla da Hiace da Hilux na da, akasin haka suke. Da ka murɗa kan sanda, rile mai rubutun HEAD zai kama, ya aika wuta ta zauna a jikin ƙwan tana jira. Sanda ba wuta take bayarwa ba, negatif take bayarwa: ta haɗa zaren dim da jikin mota, ko ta haɗa na ful. Wanda bai san wannan ba zai sa testa a soket ɗin ƙwai ya ga wuta a ƙafafu duka uku, ya ce maka wayarin ya haɗe, a warware shi. Babu abin da ya haɗe. Haka aka ƙera ta.

Sai motocin zamani, waɗanda sandarsu ba ta ɗaukar wutar fitila sam. Saƙo kawai take aika wa wata 'yar kwamfuta, ita kuma ta kunna. Irin waɗannan ba a cusa musu testa mai ƙwai, ba a yi musu gada da waya. Na'urar bincike ake jonawa a ga ko saƙon na isa. Idan motarka ta wannan aji ce, karanta alamomin da ke tafe don ka san abin da za ka gaya wa mai gyara, amma ka bar masa aikin.

Karanta alamu kafin ka ɗauki sifana

Ka faka mota tana fuskantar bango da magariba, ka bar injin a kunne, ka bi matakan sandar ɗaya bayan ɗaya: fitilar fakin, dim, ful, filashin, sigina. Rabin amsar a nan take.

Idan ido ɗaya ne ya mutu, ɗayan na ci, ka wanke sanda daga zargi. Sanda ba ta san hagu da dama ba a maganar fitilar gaba, waya ɗaya take fitarwa, daga baya a raba ta biyu. Ka duba ƙwan, da fiyus na wannan ɓangaren, da soket, da wayar negatif da aka ɗaure a jikin ƙarfe kusa da fitilar.

Idan dim ta mutu duka biyu, ful na nan garau, irin abin da ya same ni, to sanda ce kan gaba a waɗanda ake tuhuma. Amma kada ka yi gaggawa. Ƙwan H4, mai ƙafa uku, zare biyu ne a cikinsa, na dim wat 55, na ful wat 60, kuma na dim shi ya fi shan aiki. Yana yiwuwa na hagu ya mutu tun wata biyu ba ka lura ba, jiya na dama ya bi shi. Ciro ƙwai ɗaya ka ɗaga shi a haske: zaren da ke cikin ɗan kwanon ƙarfe shi ne na dim, idan ya tsinke za ka gani. In kuwa duka biyun sun tsinke a mako ɗaya, ka auna batir injin na aiki. Abin da ake so tsakanin bolt 13.8 ne da 14.4. Idan ya haura 15, altaneta ce ke dafa maka ƙwai, kuma za ta dafa sababbin ma.

Idan ba dim ba ful, amma filashin na kamawa, wannan alama ce mai daraja. Ta gaya maka batir lafiya, ƙwai lafiya, fiyus na ful lafiya, hanyar negatif lafiya. A Toyota ta ƙara gaya maka rile ma lafiya, don filashin ta kansa yake bi, saura kawai makunnin da ke kan sanda. A Golf kuma mutum uku ne ake zargi: sanda, da makunnin dashbod, da gindin gidan makulli. Na ƙarshen yana da tasa shaidar. Idan shi ne, sau da yawa waifa da fankar cikin mota ma za su mutu tare da fitilar, kuma in ka ɗan motsa makulli baya kaɗan sai komai ya farfaɗo. Masu rataya wa makullin mota tarin makullan gida da na shago su suka fi gamuwa da wannan.

Idan komai ya mutu har da filashin, fara da babban fiyus da rile da kan batir. Ba a cika samun duk makunnan sanda su mutu rana ɗaya ba, sai dai in soket ɗinta ne ya zare, ko wayar negatif ɗinta ta kwance.

Akwai kuma alamomin da ba sa bukatar dogon tunani. Fitila na ƙiftawa idan ka ɗora yatsa a kan sanda. Ka ba da sigina, fitilar gaba ta ɗauke. Ka faɗa rami ta mutu, ka faɗa wani ta dawo. Ta yi minti goma sha biyar lafiya sannan ta dushe, in mota ta huce ta dawo. Murfin wuyan sitiyari ya yi ɗumi, ko kana jin ƙaurin roba. Duk waɗannan yaren tagullar da ta ci wuta ne. Abu ɗaya da ke kama da su amma ba shi ba ne: ka ba da sigina, fitilun baya duka su riƙa ƙiftawa tare a raunane. Wannan negatif ɗin fitilar baya ce ta yi tsatsa, ba ruwan sanda.

In kuma fitilar ƙin mutuwa ta yi, zare soket ɗin sanda. Ta mutu, sanda ce ta narke ta manne. Ta ci gaba da ci, rile ne ya maƙale, ko wata waya ta goge ta haɗu da 'yar'uwarta.

Awo

Kayan aikin ba su da yawa: testa mai ƙwai, mita, sukundireba, da guntuwar waya da ka sa wa fiyus na amfiya 15 a tsakiyarta. Wannan fiyus ɗin kada ka raina shi. Gada da waya tsirara ita ce ke mai da ƙaramin gyara gobara.

Kwance sukurorin murfin wuyan sitiyari, ka raba shi sama da ƙasa. Za ka ga soket na shiga gindin sanda. Kafin awo ka dube shi da ido, ka shinshina. Farar roba da ta koma ruwan ƙasa a gefen ƙafa ɗaya, ko ta kumbura, ko wayar ta yi tauri rigarta na farfashewa, ta riga ta ba ka labari. Duk soket mai launin rawaya a wannan wuri na jakar iska ne, kada ka kai masa testa ko mita ko da wasa.

Bar soket ɗin a jone, ka kunna fitila, ka riƙa taɓa ƙafafun ta baya inda waya ke shiga. A Golf ka maƙala jelar testa a ƙarfen mota. Taɓa 56: in ba wuta, matsalar na can baya, a makunnin dashbod ko gidan makulli. In akwai, taɓa 56b sanda na kan dim. Wuta ta shiga ba ta fita ba, ka kama ɓarawonka. Don ka tabbatar, ɗauki wayar nan mai fiyus ka haɗa 56 da 56b. Idan bango ya haskaka, magana ta ƙare.

A Toyota mai ba da negatif, juya testar za ka yi: jelarta a kan fozitif na batir, bakinta a ƙafar negatif ta sanda. Idan ba ta kama ba, sandar ba ta da hanyar komawa jikin mota, nemo inda wayar ta ɗaure ka goge. Idan ta kama, ka haɗa wayar dim mai zuwa daga ƙwai da jikin mota ta wayarka mai fiyus. Fitila ta kawo, sanda ce.

Testa dai ta san akwai da babu ne kawai, ba ta san kaɗan ba. Ga wanda fitilarsa ba ta mutu ba amma ta koma kamar aci-balbal, mita ce abokiyar aiki. Mutane na auna soket ɗin ƙwai bayan sun zare ƙwan, su ga 12, su ce wuta na zuwa. Wannan awon banza ne. Ko zare ɗaya ya rage a waya, mita za ta nuna 12 muddin ba abin da ke jan wutar. Awon gaskiya sai fitila na ci. A Golf, sa baki ɗaya na mita a fozitif na batir, ɗaya a ƙafar dim ta ƙwai, wato ta sama a H4. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ta zube a hanya. Rabin bolt ba laifi. Ya haura bolt 1, akwai inda ake tatsar ta. Sai ka koma sanda ka sa baki ɗaya a ƙafar shiga, ɗaya a ta fita: makunni mai lafiya ba ya cin fiye da 0.2 ko 0.3. A tawa, kafin ta mutu ɗungurungum, da na san wannan awon da na gani tun da wuri, don ta jima tana dushewa ina ɗora laifin a kan gilashi.

Kada ka ce bolt ɗaya ai ba komai ba ne. Ƙwan halojin ba ya yafiya: wuta ta ragu kashi 10 cikin ɗari, haske ya ragu kusan kashi 30. A hanyarmu, inda za ka iya cin karo da amalanken shanu ba ko kyalle mai sheƙi, ko babur ba fitilar baya, ko shanyar amfanin gona a gefen kwalta lokacin kaka, wannan kashi 30 ɗin shi ne tazarar taka birki.

Cirewa, wankewa, ko saye

Miƙe tayoyi, kashe mota, cire kan batir na negatif. Idan motar na da jakar iska ka dakata kamar minti uku kafin ka taɓa komai a sitiyari, don akwai sauran wuta da ke ajiye a na'urarta. A wasu motocin sandar na zarewa ta gefe da zarar ka danna 'yan haƙoran roba ko ka kwance sukuru biyu. A Golf 2 da 3 sai an cire sitiyari. Yi alama da alli a kan sitiyarin da sandar ƙarfen da yake zaune a kai, don ya koma daidai. Ka sassauta babban notin amma kada ka cire shi duka sai ka girgiza sitiyarin ya saki, in ba haka ba zai taso da ƙarfi ya same ka a haɓa. Bayan sitiyarin mota mai jakar iska akwai wani faifai da siririyar waya ke naɗe a ciki. Manne shi da salatif yadda ka same shi. In ya juya aka mayar a karkace, ranar da ka karya kan mota sosai wayar za ta tsinke, ka rasa hon da jakar iska gaba ɗaya.

Buɗe gindin sanda aikin natsuwa ne. Dattijon nan na Gwarzo a cikin farantin silba yake yi, ya shimfiɗa farin ƙyalle, don akwai 'yan sifirin da wata 'yar ƙwallon ƙarfe da ke tsalle da zarar an ɗaga murfi, kuma in ta faɗa cikin yashin gareji sai dai wata. Ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai. Abin da za ka tarar yawanci shi ne girisin kamfani ya sha ƙurar hunturu shekara da shekaru ya zama kamar busasshen kunu, tagullar kuma ta yi baƙi. Goge tsohon girisin, fesa maganin wanke makunnin lantarki, ka shafi tagullar da sanfefa mafi laushi har ta yi haske, ka sa sabon girisi ɗan kaɗan a inda roba ke gogar roba. Ban da fetur, ban da man birki. Na ga ana yi, kuma a ranar abin na aiki, amma suna cin wasu robobin su bar su da gautsi.

Wanki na yi ne idan datti ne kawai. Idan tagullar ta yi rami, ko robar da ke riƙe da ita ta narke har ta nutse ciki, ko sifirin ya sha zafi ya saki, kada ka wahalar da kanka, sai sabuwa. A nan sai an dangana da kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa. Tafi da tsohuwar a hannu, kada ka dogara da sunan mota da shekara. Ƙirga ƙafafun soket, duba lambar da ke jikin robar, duba ko taka na da zoben fitilar hazo. Masu Hijet da sauran motocin da aka juya wa sitiyari su ƙara kula: tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motar da aka ƙera don titunan Japan kuwa sitiyarinta a dama yake, sandar siginarta ma a dama. Wajen juyin ana yanka wayoyi a ƙara musu tsawo, kuma sau da yawa a waɗannan ƙulle-ƙullen da aka naɗe da salatif cutar take, ba a sanda ba.

Tsakanin 'yar Beljiyam da sabuwa mai araha, ni na fi son 'yar Beljiyam ta asali in soket ɗinta fari ne tas ba tabon zafi. Ka sa mita a kan ƙara, ka gwada kowane mataki a gaban mai shago kafin ka biya. Kuma in soket ɗin motarka ya ƙone, ka sayo nasa da guntayen wayoyinsa a canza tare. Sabuwar sanda a kan sakakkiyar ƙafa ba za ta ga damina biyu ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ko ga masu ƙera motar: a 2004 kamfanin Honda ya janye motoci kimanin 440,000 a Amurka, yawancinsu Civic na 2001 da 2002, saboda ƙafar dim a soket ɗin sanda na yin zafi har fitila ta ɗauke. A 2012 ya sake janye kimanin 554,000, CR-V na 2002 zuwa 2004 da Pilot na 2003, kan matsala irin wannan. Da yawa daga ire-iren waɗannan motoci sun tsallako teku suna yawo a titunanmu, don haka mai irinsu in dim ta mutu, soket ɗin nan zai fara dubawa.

Wa ya ƙona ta?

Da dattijon ya gama nuna mini tagullar da ta ƙone, sai ya zagaya gaba ya ciro tsohon ƙwan da na ajiye a cikin mota, ya juya gindinsa ya karanta.

"Wa ya sa maka wannan?"

Na ce ni na saya da kaina, don na ga hasken ya yi rauni.

Ya yi dariya. "To ai kai ka kashe ta, Malam."

Ƙwan mai wat 100 da 90 ne. Lissafin ba wuya. Dim biyu na asali wat 110 ne, wato kamar amfiya 9 ke ratsa sandar. Biyu masu 90 wat 180 ne, kamar amfiya 15. Zafin da ke taruwa a wurin haɗuwar tagulla kuwa ba bin wuta yake ƙafa da ƙafa ba: in wuta ta ninka biyu, shi ninki huɗu yake yi. Tagullar da ta ɗan yi datti, wadda da ƙwan asali za ta riƙa fitar da zafin wat 8, da manyan ƙwai sai ta haura wat 20, a wurin da bai fi ƙwayar dawa ba, cikin roba. Abin takaicin, fiyus ba zai cece ka ba. A Golf fiyus na bayan sanda ne, kowane ido da nasa, kowanne na ganin amfiya 7 da ɗoriya, bai kai 10 ba, yana zaune lafiya. Sanda kuwa jimillar duka take ɗauka. Ga yadda abin ke zagayawa: tagulla ta yi datti, haske ya ragu, mai mota ya sayo babban ƙwai, babban ƙwai ya ƙarasa tagullar.

Maganin da aka fi yi a bakin hanya shi ne dairek: a jawo waya daga batir, a huda dashbod a sa ɗan makunni irin na gida, a ce Alhaji an gama. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Yawanci ba fiyus a kai, wayar na bi ta ramin ƙarfe ba roba, ranar da ta goge babu abin da zai tsai da wutar batir sai wayar ta yi ja. Sannan an rasa sauya dim da ful da yatsa ɗaya, shi ya sa kake haɗuwa da motocin haya da ba sa sauke maka fitila. Ba duka ne rashin mutunci ba, wasunsu ba su da dim ɗin da za su sauke. Ga kuma mantuwa a bar ta a kunne a wayi gari ana turi.

Gyaran da ya dace rile biyu ne, ɗaya na dim, ɗaya na ful, a ɗaure su kusa da batir. Rile na yau da kullum ƙafafunsa na da lamba. Jawo waya mai kauri, ta milimita 2.5, daga fozitif na batir, da fiyus na amfiya 15 dab da batir ɗin, ka kai ta ƙafa ta 30. Daga 87 ka kai wa ƙwai biyun. Tsohuwar wayar dim mai zuwa daga sanda ta shiga 86, 85 kuma ta tafi jikin mota. Haka za ka yi wa ful da nasa rilen da nasa fiyus, don in ɗaya ya mutu ɗaya ya kai ka gida. Yanzu sanda ba ta ɗaukar amfiya 9, abin da ke ratsa ta bai kai rubu'in amfiya ɗaya ba, kuma wuta na isa ƙwai ta gajeriyar hanya. Da ƙwan asali mai 60 da 55 hasken tawa ya fi wanda nake samu da manyan ƙwai. A Toyota mai ba da negatif haɗin ya bambanta: 86 za ta sha daga wayar da ke kawo wuta ga ƙwai, 85 ta tafi wayar da sanda ke haɗawa da jikin mota, sannan a ba ƙwan sabuwar negatif tasa. A wasunsu shuɗiyar alamar ful da ke dashbod kan daina kamawa bayan wannan haɗin, sai mai wayarin ya ƙara mata dabara, don haka ka duba ta kafin ka bar gareji. Wannan bambancin ne kuma ke sa wasu ƙwayayen LED su ƙi kamawa a Toyota, ko dim da ful su rikice.

In ta riga ta ɗauke maka a hanya da dare, kada ka danne birki da ƙarfi, ba ka san wa ke bayanka ba. Ja sanda ka riƙe filashin, kunna sigina huɗu, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya kafin ka tsaya. Bari ta huce minti goma, ka motsa sandar sau da yawa, wani lokaci takan kama ta kai ka gari na gaba. Riƙe filashin na tsawon tafiya kuwa yana iya kunna zare biyu a ƙwai ɗaya, zafin ya yi wa ƙwan da soket yawa, saboda haka na fita daga hatsari ne kawai.

Bayan an mayar da komai, ka dawo gaban bangon nan da magariba. Bi matakan duka, ka girgiza sandar fitila na ci, ka karya sitiyari hagu da dama har ƙarshe, ka danna hon, ka tabbata sigina na komawa da kanta. Bar dim a kunne minti goma sha biyar, sannan ka ɗora bayan hannunka a murfin wuyan sitiyari da kan soket ɗin ƙwai. In da ɗumi a murfin, sake buɗewa, akwai ƙafar da ba ta kama da kyau ba.